Tauraro Mai Tsini Huɗu

Shekara arba'in da ɗaya Mai-Hatimi ya yi a gindin katangar ofishin hukumar gari, da tebur ɗaya da benci ɗaya. Kayan aikinsa duka za su shige aljihun riga: reza uku, wata siririyar wuƙa da ya wasa daga wayar ƙafar keke, fensir, gilashin ƙara girma, da tabarau mai igiya. Da su yake sassaƙa hatimi a jikin roba, harafi bayan harafi, kowanne a juye, don idan an buga a takarda ya fito daidai. Idan yana aiki ba ya jin ƙarar mota, ba ya jin cacar bakin masu jiran layi. Ƙurar roba ce kawai take zuba a cinyarsa, baƙa, laushi kamar kwalli.

Ubansa gyaran takalma yake yi. Mai-Hatimi yana ɗan shekara tara ya tsinci guntun dunduniyar takalmi a ƙarƙashin bencin uban, ya sassaƙa sunansa a jiki, ya shafa baƙin tukunya, ya bi bangon ɗakin mahaifiyarsa da aka yi wa sabon fenti yana dangwalawa. Sunan ya fito a juye, har sau goma sha biyu. Ya sha duka a hannun uwar. Da uban ya dawo sai ya tsaya gaban bangon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Haruffan sun yi kyau. Gobe ka juya su." Tun daga ranar bai nemi wata sana'a ba.

Da teburin nan ya yi aure, da shi ya raini 'ya'ya huɗu. Makarantu, shaguna, ƙungiyar direbobi, har wani mai sayar da magani da yake so a riƙa ce masa likita, duk hatiminsu daga hannunsa ya fito. Yana da ƙa'ida biyu da ba ya karyawa. Duk hatimin da ya gama, bugun farko a littafinsa yake yi, wani ƙaton littafi mai baƙin bango, ya rubuta kwanan wata a ƙasa. Idan kuma sabo aka zo a yi a madadin tsoho, sai an kawo masa tsohon ya raba shi biyu da reza a gaban mai shi. Bayan ƙa'idojin yana da fahari ɗaya, wanda duk wanda ya taɓa zama a bencinsa ya haddace. Yakan ɗaga hannun dama sama, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Hannun nan bai taɓa zamewa ba."

Wanda ya fi kowa jin wannan magana shi ne Akawu, mai kula da fayiloli a ofishin hukumar. Dogo ne har sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ofis, shi ya sa Mai-Hatimi yake kiransa Falwaya, wato turken wayar lantarki, shi kuma yana rama wa da Makaho saboda kaurin tabarau. Sun fara sanin juna ne da gardama a kan faɗin wata da'ira, suka shekara talatin ba su gama ba. Kullum ƙarfe goma Akawu zai fito ya naɗe dogayen ƙafafunsa a bencin, su sha shayi, su raba burodi, su gyara duniya.

Akawu Kirista ne, a garin da gidajen Kiristoci ba su kai arba'in ba. Majami'arsu ɗakin kwano ne a bayan injin katako, kuma takardar neman izinin gyara rufinsa ta shekara goma sha biyu a cikin fayil, shi da kansa yake kaɗe mata ƙura. Yaran da ya koya wa aiki sun zama manyansa, yana nan a akawu. A ɗakin shan shayi na ofis an ware masa kofi mai jan zare a mariƙi. Mai-Hatimi kuwa kofi biyu gare shi, iri ɗaya, kuma bai taɓa sanin wanne ne na wa ba. Idan wani ya yi masa magana a kan haka sai ya ce, "Ni da kuke ce wa makaho? Yaya zan bambance kofi?"

Shekara biyu ke nan da Akawu ya yi ritaya, ya miƙa makullai, ya koma noman tumatir a bayan gidansa. Amma ƙarfe goma ba ta wuce shi.

Sai mulki ya canja hannu. Aka gurfanar da tsohon Ciyaman na hukumar a kotu, ana tuhumarsa da sayar wa surukansa filin da aka ware don asibitin yara, inda yanzu shaguna suka tsaya a jere. Gari ya ɗauka. Ana cikin shari'a lauyan Ciyaman ya fito da wata wasiƙa mai kwanan watan shekara huɗu da suka wuce. Wasiƙar ta ba da izinin sayar da filin, da sa hannun Akawu a madadin Ciyaman, da hatimin hukuma a ƙasa. Ciyaman ya dafa ƙirji ya ce shi bai san da ita ba, amanarsa aka ci.

Mutane da yawa suka yi ajiyar zuciya. Ciyaman nasu ne, sahu ɗaya suke sallah, ya halarci sunan 'ya'yansu. A wurin mai shayi aka fara cewa, "Dama Kiristocin nan ai sai a hankali." Aka ɗauke Akawu daga cikin tumatirinsa, da laka a ƙafa. Kwana tara ya yi a tsare kafin a ba da belinsa, aka haɗa shi cikin waɗanda ake tuhuma. Lauyansa ya faɗa masa gaskiya: idan wasiƙar ta tsaya, kurkuku ne, kuma a shekarunsa ba lallai ya fito da ƙafarsa ba.

Wata safiya Akawu ya zo bencin da kwafin wasiƙar a ninke cikin aljihu. Rigarsa ta yi masa yawa.

"Makaho, duba mini nan. Sa hannun nan ko matata ta ce nawa ne. Ni kaina da na kalla sai da na fara tambayar kaina ko na yi na manta."

"Kawo, Falwaya. Kai da ko ranar aurenka sai an tuna maka."

Mai-Hatimi ya karɓa. Kowa da inda idonsa yake fara sauka a takarda, shi nasa bai ko bi ta kan sa hannun ba, kai tsaye ya faɗa kan hatimin. Da'ira biyu, sunan hukuma a zagaye, tauraro a tsakiya. Aikinsa ne. Ya ɗora gilashi a kan tauraron. Tsini huɗu. Na biyar, wanda ya kamata ya kalli sama, babu shi, sai ɗan dungu.

Ya san dungun nan. Fiye da shekara guda yana fatan kada kowa ya lura da shi.

"Ka ga wani abu?" in ji Akawu.

"Bar mini ita zuwa gobe."

Bai iya kallon idon abokinsa ba. Kafin azahar ya tattara rezarsa ya nufi gida.

Ya tarar da matarsa a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faranti. Tun da aka yi musu jikoki 'yan biyu ya daina kiranta da komai sai Kakar Tagwaye.

"Lafiya, Malam? Ka dawo rana tsaka kamar yaron da aka koro daga makaranta."

Ya zauna a bakin rijiya, ya cire hula. "Kin tuna ranar da Auta ta haihu?"

"Ni za ka tambaya? Ni da na yi gudu daga asibiti har teburinka da takalmi ɗaya a hannu? Shekara tara yarinyar nan tana jira."

"Kin tuna me nake yi lokacin da kika ƙwala mini kira daga tsallaken titi?"

"Me kake yi kullum? Kana sunkuye kana fira da roba."

"Sabon hatimin hukuma nake sassaƙawa. Tsohon ya cinye, na riga na raba shi biyu, masinja yana tsaye a kaina yana jira. Saura tauraro kaɗai. Sai na ji muryarki, 'Tagwaye! Tagwaye!'" Ya kalli tafin hannunsa. "Hannuna ya zame."

Ta ajiye farantin a hankali. "Sake faɗa. Kunnen nan ya tsufa."

"Na ce hannuna ya zame. Na datse wa tauraron tsini ɗaya. Da na tsaya na sake, sai na kai la'asar, ni kuwa jikokina nake so in gani. Na buga a littafi, na miƙa wa masinja, ban ce masa komai ba."

Ta kwashe da dariya har tana dukan cinya, kaji suka watse. "Wayyo cikina! Shekara talatin da takwas ina jiran wannan rana. Da ka gaya mini da wuri ai da na gayyato maƙwabta."

"Ke wasa kika ɗauke shi."

"To ba ni labari, Sarkin Hannu."

Ya buɗe mata wasiƙar a kan gwiwarsa. Ya nuna kwanan watan, shekara huɗu baya. Ya nuna tauraron. "Shekara huɗu da suka wuce hatimin nan ko robarsa ban saya ba. Bara aka yi shi, kuma lokacin Falwaya ya shekara da barin ofis. Wanda ya rubuta takardar nan kwanan nan ya rubuta ta, ya mayar da kwanan wata baya, ya ɗauki hatimin da ya samu a aljihun tebur."

Dariyar ta tsaya. "Ka gaya masa?"

"Ban gaya masa ba."

"Don me?"

"Idan na faɗa, a kotu zan faɗa. Gari duka zai ji na ba hukuma aiki mai aibi na yi shiru. Wa zai ƙara kawo mini aiki? Ga yaran Ciyaman har yanzu cike da ofis, katangar da nake jingina tasu ce. Kuma kin san bakin mutane, za su ce na bar namu na bi bare."

Ta dube shi irin kallon da take yi wa 'ya'yanta idan sun zo da ƙarya mara ƙafa. "Malam, lokacin da aka yi maka aikin ido, wa ya zauna a teburinka sati uku yana gadin rezarka, yana ce wa mutane ka tafi hutu? Namu ne ko baren? Yanzu ka ɗora mutumin nan a sikeli ɗaya da tsinin tauraro?" Ta ɗauki farantinta. "Sa hularka. Shinkafar nan ba za ta nuna ba sai ka je ka dawo."

Ya sa hular. Akawu yana cikin tumatir lokacin da ya isa. Ya saurari labarin duka a tsaye, da butar ban ruwa a hannu, sannan ya ajiye butar ya zauna a ƙasa. Abin da ya fara faɗa bayan ya dawo hayyacinsa shi ne, "Makaho, ashe hannun yana zamewa."

"Idan ka ƙara faɗa na fasa."

Ranar da aka kira shi shaida, ya sa rigarsa mafi kyau, ya rungumi baƙin littafin kamar jariri. Ɗakin kotun ya cika har taga. Fanka ɗaya ce take aiki. A gefe guda 'yan majami'ar Akawu sun takure a benci biyu, a ɗaya gefen magoya bayan Ciyaman sun baje. Mai Shari'a mace ce, da tabarau a ƙarshen hanci, ba ta ɗaga murya.

Lauyan Akawu ya bi da shi a hankali. Ya faɗi sana'arsa, ya faɗi ƙa'idojinsa biyu. Ya buɗe shafin shekara goma sha ɗaya baya, ga tsohon hatimin hukuma, tauraro cikakke. Ya buɗe shafin bara, ga sabon. Da aka zo kan yadda tsinin ya tafi, muryarsa ta shige ciki.

"Ɗaga murya, Baba," in ji Mai Shari'a.

Ya ɗago kai. "Hannuna ya zame, ranki ya daɗe."

Daga can baya wani direba da ya shekara ashirin yana jin faharin ya ce, "La ilaha!" Kotu ta fashe da dariya. Mai Shari'a ta buga tebur, amma ita ma gefen bakinta yana rawa. Abin mamaki, da maganar ta fita sai Mai-Hatimi ya ji ƙirjinsa ya yi sakayau, kamar ya sauke buhu daga ka.

Lauyan Ciyaman ya miƙe, yana gyara baƙar rigarsa. "Wato kai da bakinka ka ce kana ba mutane aiki mai aibi ka ɓoye."

"Sau ɗaya, ranka ya daɗe."

"Wanda ya ɓoye sau ɗaya zai ɓoye sau goma. Littafin nan naka ne, alƙalamin naka ne. Me zai hana ka rubuta kwanan watan da ka ga dama jiya da yamma?"

"Shafin yana tsakiyar littafi. A samansa hatimin makarantar 'yan mata ne, a ƙasansa na mai gidan burodi, a tambaye su. Kuma ranar ba irin wadda ake mantawa ba ce. Ranar 'yata ta haifi tagwaye."

"Ga katin asibitin nan!" Kakar Tagwaye ce ta miƙe daga cikin jama'a, tana kaɗa takarda a sama. "Ni na yi ihun da ya sa hannun ya zame, a rubuta!"

"Zauna, Mama," in ji Mai Shari'a. "Idan ana bukatarki za a kira ki. Masinja, karɓo katin."

Lauyan ya jira dariya ta lafa, ya matso kusa, ya sassauta murya. "Baba, kai mutumin kirki ne. Sahu ɗaya kake sallah da wanda nake karewa. Ba ka jin nauyi ka zo ka tsaya wa wanda ba addininku ɗaya ba, a kan ɗan'uwanka?"

'Yan majami'a suka sunkuyar da kai, irin sunkuyon wanda ya saba.

"Ranka ya daɗe," in ji Mai-Hatimi, "da na shigo an rantsar da ni in faɗi abin da hannuna ya yi. Na faɗa. Wanda na rantse da Shi kuwa ya ga wanda ya buga hatimin nan, ko ni ban gani ba."

"Lauya," in ji Mai Shari'a, tana kallonsa ta saman tabarau, "fili muke shari'a a kai. Idan ka ƙara kawo maganar addinin wani a ɗakin nan, za ka ƙarasa ta a waje."

Ta ba da umarni a je ofishin hukuma a ɗauko hatimin da ake aiki da shi, da fayil uku na shekarar da aka ce an rubuta wasiƙar. Aka jira minti arba'in, ana fifita da takardu. Da aka kawo, ta buga hatimin da hannunta a farar takarda. Ta nemi gilashi, kotu ba ta da shi, Mai-Hatimi ya zaro nasa daga aljihu ya miƙa, ya ce a riƙe ta gefe don kada a bar shatin yatsa. Ta duba bugun da ta yi: tsini huɗu. Ta duba wasiƙar: tsini huɗu, dungun a wuri ɗaya. Ta buɗe fayilolin, takarda bayan takarda, sama da talatin, kowane tauraro da tsininsa biyar.

Ciyaman ya nemi ruwa. Lauyansa ya nemi a ɗage zama.

Ba ta ɗage ba sai da ta yi rubutu mai tsawo. Sannan ta karanta cewa wasiƙar jabu ce, kotu ta yi watsi da ita, ta sallami Akawu babu wani laifi a kansa, kuma a binciko wanda ya ƙirƙire ta. Shari'ar Ciyaman za ta ci gaba ranar Litinin.

A harabar kotu matan majami'a suka barke da waƙa, suna tafi, wasu suna kuka. Suka yi wa Mai-Hatimi zobe, wata tsohuwa ta kama hannun damansa da hannu biyu tana sa masa albarka. Direban nan ya ratso ya rungume shi yana cewa, "Baba, wallahi yau ka fi burge ni." Wasu daga ɗaya gefen suka wuce shi ba sallama, ya gansu, ya bar su. Kunya ta ishe shi, ya sulale ta bayan motoci ya koma gindin katangarsa.

Bai daɗe da zama ba sai ga doguwar inuwa ta faɗo kan teburin. Akawu ya zauna a bencin, ya jingina da katanga, ya miƙe ƙafafu har bakin kwata.

"Makaho."

"Na'am."

"Ina so in ce maka wani abu, na rasa ta inda zan fara."

"To kar ka fara. Kai idan ka fara magana sai rana ta faɗi."

Akawu ya yi 'yar dariya, ya lumshe ido. Mai-Hatimi ya juya yana neman fensir, da ya waiwayo sai ya ga kan abokinsa ya karkata gefe, baki a ɗan buɗe, numfashi yana fita a hankali. Barci ya kwashe shi a nan bakin titi, rana tsaka, motoci suna wucewa.

Matar Akawu ta iso tana haki, Kakar Tagwaye a bayanta. Ta tsaya, ta rufe baki da gefen mayafi. "Wata uku rabonsa da barcin kirki," ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Bari in tashe shi mu tafi gida."

Mai-Hatimi ya ce, "Bar shi, matar ɗan'uwa. Bencin ba inda za shi."

Wani mutum ya taho da sauri da takarda a hannu, tun daga nesa yana ɗaga murya. "Baba, kai ne na kotu? Hatimi nake so, na sabon shagona, kuma wallahi sai kai!"

Mai-Hatimi ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna masa mai barcin da haɓa. "Gobe," ya ce da raɗa. Sannan ya matsa kusa, ya cire hularsa, ya shiga kore wa Akawu ƙuda daga fuska.